WAI TAFIYA MABUƊIN ILIMI: INA ILIMIN YAKE A DISNEYLAND?

Duk shekara, makarantun sakandare da dama a Ingila sukan aika wa iyayen yara takarda cewa an shirya wa ɗalibai ziyarar ƙaro ilimi zuwa Faransa. Uban da ya karanta takardar har ƙarshe sai ya tarar ashe inda za a nufa shi ne Disneyland ta Faris, katafaren filin wasan nan na kamfanin Disney na Amurka. Za a ɗebi yara a manyan motoci, a ƙetare teku da su ko dai ta jirgin fito daga Doba zuwa Kale, ko ta ramin jirgin ƙasa na ƙarƙashin teku da aka buɗe a 1994, su kwana biyu ko uku, a dawo da su. Kuɗin kowane yaro kuwa ɗaruruwan fam ne. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, shirya wa makarantu wannan tafiya, kuma a takardun tallarsu har da jerin darussan da wai yaro zai koyo: lissafi, kimiyya, kasuwanci da Faransanci.

To, Bahaushe dai ya ce tafiya mabuɗin ilimi, kuma bai yi ƙarya ba. Amma fa mabuɗi, sai an dubi ƙofar da aka zura shi. Abin tambaya a nan shi ne: wace ƙofa wannan tafiya take buɗe wa yaro, kuma wa ake bari a waje idan an shiga an rufo?

WAYE MAI WURIN?

Kafin a kai ɗan mutum gidan wani, ai kamata ya yi a san maigidan. Walt Disney ya buɗe filin wasansa na farko a Kalifoniya ranar 17 ga Yuli 1955. Bayan mutuwarsa a 1966 kamfanin ya buɗe na Fulorida a 1971, aka yi na Tokyo a 1983, sannan ido ya koma kan Turai. A watan Maris 1987 gwamnatin Faransa, lokacin Jacques Chirac yana Firayim Minista, ta sa hannu a yarjejeniya da kamfanin. Aka ware masa fili kusan hekta 2,000 na gonaki a Marne-la-Vallée, kilomita 32 gabas da Faris, aka ja masa layin dogo har bakin ƙofa da kuɗin jama'a, aka ba shi rance mai sauƙi. Ranar 12 ga Afrilu 1992 aka buɗe shi da sunan Euro Disney.

Su kansu Faransawa ba duka suka yi marhabin da baƙon ba. A 1989, da shugaban kamfanin na lokacin, Michael Eisner, ya je Faris ƙaddamar da sayar da hannun jari, matasa masu zanga-zanga suka jefe shi da ƙwai. Wata shahararriyar mai shirya wasan kwaikwayo, Ariane Mnouchkine, ta kwatanta wurin da bala'in tashar nukiliyar Canobil, ta ce shi ne Canobil ta al'adu. A watan Yuni 1992 manoma suka tare hanyoyin shiga wurin da motocin noma, suna nuna fushinsu ga manufofin cinikin Amurka. A shekarar kuɗi ta 1993 wurin ya tafka asarar sama da dala miliyan 900, har sai da attajirin Saudiyya, Yarima Alwaleed bin Talal, ya zuba kuɗi ya sayi kusan kashi ɗaya bisa huɗu na hannun jarin a 1994. A shekarar ce kuma aka sake masa suna zuwa Disneyland Paris. Da farko ba a sayar da giya a cikin filin, amma da aka ga ciniki ya ƙi, a 1993 aka sassauta aka fara.

Wannan tarihi ya isa ya nuna wa mai karatu abin da aka gina wurin dominsa. Kasuwa ce, an kafa ta don riba, kuma duk dokar da ta tsaya wa riba a gaba ana kawar da ita. Ɗan kasuwa bai ɓoye wa kowa wannan ba, kuma ba a zargin mahauci don ya sayar da nama. Wanda ke da tambayar amsawa shi ne shugaban makarantar da ya ɗauki tambarin makarantarsa ya manna a kan rumfar ɗan kasuwa, ya ce wa iyaye aji ne.

DARASIN DA AKE TUTIYA DA SHI

Babbar hujjar masu shirya tafiyar ita ce kimiyya. Sukan ce yaro zai hau ƙaramin jirgin nan mai hawa da gangara a kan dogo, ya ji a jikinsa abin da malami ke rubuta masa a allo, ai gani ya kori ji. Gaskiya ne akwai kimiyya a cikin wannan jirgi. Akasarinsu ba su da inji. Sarƙa ce ke jan su zuwa ƙololuwar tudu na farko, daga nan sai a sake su, tsayin da suka hau ya rikiɗe ya zama gudu yayin gangara, gudun kuma ya sake haurar da su tudu na gaba. Shi ya sa tudun farko ya fi sauran tsawo, domin gogayyar ƙafa da dogo da kuma iska suna ta cin ƙarfin a hanya. Idan jirgin ya yi adungure, kai a ƙasa ƙafa a sama, ba wanda ke faɗowa saboda saurin zagayen yana manne mutum da kujerarsa.

To, ga darasin nan an gama shi a cikin layi shida na jarida. Malamin da ya san aikinsa zai ɗaura wa guga igiya, ya zuba ruwa rabi, ya wulwula shi sama da kansa a tsakar makaranta, yara su ga ruwan bai zuba ba, sannan ya rage sauri su ga ya jiƙe sharkaf. Lilon da ke rataye a reshen bishiya yana koyar da yadda tsawo ke zama gudu, gudu ya koma tsawo. Ba fasfo, ba kuɗin mota, kuma duk ɗan ajin ya gani da idonsa. Shi kuwa yaron da ya yi awa guda a layi don ya yi minti biyu yana kururuwa ido a rufe, wane lissafi zai tuna? Jiki magayi ne, amma abin da zai gaya masa shi ne hajijiya.

Batun Faransanci ma haka yake. An zaɓi wurin da ya fi ko'ina a Faransa rashin kama da Faransa. Ma'aikatan ƙofa da na kantuna suna jin Ingilishi, alluna da sanarwa akwai su da Ingilishi, titin farko da baƙo zai taka sunansa Main Street USA, an tsara shi ne da siffar ƙananan garuruwan Amurka irin Marceline ta jihar Misuri, inda Walt Disney ya yi ƙuruciya. Yaro zai iya yin kwana uku a wurin bai haɗa jimla ɗaya ta Faransanci ba, ya koma gida a ce wai ya je Faransa. Ya dai je Amurkar kwali da fenti a tsakiyar gonakin Faransa.

Saura darasin kasuwanci, kuma a nan kam an yi gaskiya, sai dai yaron shi ne hajar da ake nazari a kanta. Wancan titi na farko kantuna ne dama da hagu, ba mai shiga ko fita sai ya ratsa su. Da yawa daga cikin wasannin, ƙofar fitarsu cikin kanti take ɓullewa, a daidai lokacin da zuciyar yaro ke bugawa da murna kuma hannunsa ya fi saurin shiga aljihu. Da can akwai tikitin kyauta da ke ba mutum lokacin dawowa don ya huta da dogon layi. A 2021 aka soke shi, aka kawo Premier Access, wanda sai an biya ƙarin kuɗi. Wato ko a cikin filin, ɗan mai kuɗi zai wuce ta gefe, ɗan mai ƙaramin ƙarfi yana tsaye yana kallon ƙeyarsa. Masu saye da rigar ɓera da agwagwa suna yi wa yara rawa kuwa, a watannin Mayu da Yuni 2023 sai da ɗaruruwan ma'aikatan wurin suka yi yajin aiki da jerin gwano a cikin filin, suna neman ƙarin yuro 200 a albashin wata saboda tsadar rayuwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Wannan darasi kam babu shi a takardar da aka aika wa iyaye.

WANDA AKA BARI A AJI

Duk abin da ya gabata mai sauƙi ne a kan wannan. A Ingila dokar ilimi ta 1996 ta hana makarantun gwamnati karɓar kuɗi a kan karatun da ake yi cikin lokacin makaranta. Makaranta na iya roƙon iyaye gudummawa ta ganin dama, amma ba ta da ikon hana yaro zuwa don ubansa bai bayar ba. Idan da kwana a tafiyar, ana iya cajin kuɗin abinci da makwanci, shi ma an ɗauke wa iyayen da ke karɓar wasu nau'o'in tallafin gwamnati. Sai dai dokar ta bar wata kafa: duk tafiyar da mafi yawanta ta faɗa wajen lokacin makaranta, kuma ba ta cikin manhaja, ana ɗaukar ta ƙarin abu na zaɓi, a caji iyaye kuɗinta dungurungum. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta wannan tsaga ce ake sa irin wannan tafiya a ƙarshen mako ko lokacin hutu, wanda ya biya ya hau mota, wanda bai biya ba ya zauna.

Mai karatu ya lura da wannan tufka da warwara. A gaban iyaye an ce tafiyar ilimi ce, don su ji nauyin hana ɗansu. A gaban doka kuma an ce ba ta cikin karatu, don a samu halin karɓar kuɗi. To, ɗaya dai za a ɗauka. In ilimi ce, da wane dalili za a hana wa rabin aji? In kuma ba ilimi ba ce, me ya kai sunan makaranta da malamanta ciki?

Kada wani ya ce ai Turawa ne, duk masu kuɗi ne. Alƙaluman gwamnatin Birtaniya da kanta sun nuna cewa a shekarar 2023 zuwa 2024 yara miliyan 4.5 ne ke cikin gidajen talauci, wato kusan kashi 31 cikin 100 na yaran ƙasar. Masu bin ƙwallo ba su manta ba, a 2020 sai da ɗan wasan nan Marcus Rashford, wanda shi ma ya tashi yana cin abincin makaranta na kyauta, ya tasa gwamnati a gaba kafin ta yarda ta ci gaba da ciyar da 'ya'yan talakawa lokacin hutu. A ƙasar da ake kokawa kan abincin rana, a nan ne ake miƙa wa yaro takardar ɗaruruwan fam ya kai gida.

A yi tunanin wannan yaro. Ya san halin gidansu, ƙila ma ya ninke takardar ya tura ƙasan jaka don kada ya ga fuskar mahaifiyarsa ta canza. Watanni kafin tafiya hirar aji ita ce wa zai zauna kusa da wa a mota, wa zai kwana ɗaki ɗaya da wa. Bayan an dawo kuma hotuna ne a waya da huluna masu kunnen ɓera. Shi ko ya koyi darasi, kuma ya fi na kowa zama a zuciya: cewa ko a makaranta, inda aka sa musu riga iri ɗaya don kada a gane ɗan wane da ɗan wane, aljihun uba ne ke raba sahu. Wani uban kuma ba zai iya jure wannan ba, sai ya ci bashi, ya yi wata shida yana biyan kwana uku. Makarantar da ta jefa magidanci cikin zaɓi tsakanin bashi da karyewar zuciyar ɗansa ta ci amanar su biyun.

HOTON DUNIYA DA AKE NUNA WA YARO

Akwai kuma abin da wurin ke koyarwa a ɓoye, ba tare da allo ko alli ba. An kasa filin gida-gida. Ga sashen kaboyi na yammacin Amurka, inda ƙasar da aka ƙwace daga 'yan asalinta ta zama fagen nishaɗi. Ga sashen kasada, wanda ƙofarsa ke da ƙubbobi da kasuwa irin ta tatsuniyoyin Larabawa, inda aka cusa Gabas ta Tsakiya da Afirka da tsibiran 'yan fashin teku a lungu guda, kowace al'umma an rage ta ta koma ado. Fim ɗin Aladdin na 1992, wanda ake baje kolinsa a wannan sashe, sai da Larabawan Amurka suka yi ca a kansa saboda yadda waƙar buɗe shi ta siffanta ƙasarsu da dabbanci, kamfanin ya canza wasu daga cikin kalmomin a 1993. Abin ban takaici, ainihin tarihin labarin a Faris ɗin yake. Wani matashi mutumin Halab ta Siriya, Hanna Diyab, shi ya ba Bafaranshe Antoine Galland labarin a 1709, shi kuma ya saka shi cikin fassararsa ta Dare Dubu da Ɗaya. An yi ƙarnuka ana yabon Galland, sunan mai labarin yana binne. Wane malami ne zai tsaya a bakin ƙubbar kwali ya faɗa wa yara wannan?

Faris ta daɗe da sanin wannan sana'a ta mayar da mutane abin kallo. A lambun Jardin d'Acclimatation, wanda aka buɗe a 1860, an fara baje mutanen Nuba a 1877 kamar namun daji, ana biya ana kallonsu a bayan shinge, aka ci gaba da kawo al'ummu daga ƙasashen da aka mallaka har zuwa 1931. Yau wannan lambu filin wasan yara ne. Ba a ce Disneyland ta sa kowa a keji ba. Amma yaron da bai san wancan tarihi ba, ba shi da ma'aunin da zai auna hoton da ake nuna masa yau, sai ya haɗiye shi tare da alewa.

GA ƘOSHI, GA KWANAN YUNWA

Da a ce ilimi ake nema, tafiyar minti 40 a jirgin ƙasa daga ƙofar Disneyland ta isa ta kai yara tsakiyar Faris. Can akwai gidan kimiyya da masana'antu na La Villette da aka buɗe a 1986, inda yaro ke taɓa na'ura da hannunsa. Akwai ginin Panthéon, inda Léon Foucault ya rataye dunƙulen ƙarfe da doguwar waya a 1851, ya nuna wa jama'a ƙuru-ƙuru cewa duniya juyawa take. Akwai Cibiyar Duniyar Larabawa ta 1987 mai ɗauke da tsofaffin na'urorin auna taurari. Akwai gidan tarihi na Louvre, wanda 'yan ƙasa da shekara 18 ke shiga kyauta. Akwai gidan tarihi na Quai Branly, wanda daga cikinsa Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin kayan sarautar Abomey guda 26 a 2021, bayan fiye da shekara 120 da sojojinta suka kwashe su. Kai, ɗan Ingila ma ba sai ya ƙetare teku ba. Gidan kimiyya na Landan kyauta ake shiga, haka gidan tarihin Birtaniya, inda tagullan masarautar Bini da aka wawashe a 1897 suke jere. Ajin gaba ɗaya zai je a yini guda da kuɗin mota kawai. An bar wannan duka an zaɓi wanda ya fi tsada kuma ya fi ƙarancin amfani, don kawai shi ne yara za su yi wa tsalle, shi ne kuma ya fi kyau a hoton tallar makaranta.

Wannan cuta ba ta tsaya a Ingila ba. Makarantun kuɗi na 'ya'yan manya a Legas da Abuja su ma sukan yi gasar kai yara Landan da Faris da Dubai da sunan yawon buɗe ido na ilimi, a biya da dala, a ƙasar da hukumar UNESCO ta ƙiyasta a 2022 cewa yara kusan miliyan 20 ba sa zuwa makaranta. Alhali madatsar ruwan Kainji, da aka gama a 1968, tana nan tana koyar da darasin nan na jirgin wasa: ruwa ya faɗo daga tudu, ya juya inji, wuta ta fito. Yaron da ya tsaya a gabanta zai koma gida yana tambayar me ya sa unguwarsu ke kwana a duhu, kuma wannan tambaya ta fi hular ɓera daraja.

Kada a yi wa maganar nan mummunar fahimta. Wasa haƙƙin yaro ne, dariyarsa ba laifi ba ce, kuma uban da Allah ya hore masa ya ɗauki iyalinsa da kuɗinsa ya kai su su shaƙata, wannan tsakaninsa da aljihunsa ne. Masu kare tafiyar sukan ce akwai yaron da in ba makaranta ta kai shi ba, har abada ba zai ƙetare teku ba, kuma kwana tare da abokai nesa da gida yana koya masa dogaro da kai. Maganar tana da ƙanshin gaskiya. Amma wannan yaro da ake kafa hujja da shi, ai shi ne farkon wanda farashin ke korewa. Dogaro da kai kuwa ba a Disneyland kaɗai ake sayar da shi ba, zangon kwana biyu a dajin da ke kusa zai ba da shi ga kowa da kowa.

Matasan da ke karanta wannan shafi, wasunsu malamai ne a yau, wasu yayye ne masu ƙanne a makaranta, gobe kuma su ne iyaye da shugabannin makarantu. Ranar da irin wannan takarda ta iso hannun ɗayansu, kada kunya ko tsoron a ce masa matsolo ya hana shi zuwa taron iyaye da malamai ya miƙe ya yi tambaya. Wane darasi ne a tafiyar da ba za a same shi a kusa ba? Me yaro zai rubuto ko ya ƙero idan ya dawo? Malamai nawa za su bi su, kuma wa ya biya kujerunsu? Yara nawa ne a ajin ba za su je ba, kuma wa ya tambaye su dalili? Idan amsar ta ƙarshe ta wuce sifiri, to a nemi wurin da mota za ta ɗebi kowa, ko a haɗa asusun da zai ɗauki nauyin marasa hali ba tare da an tona asirinsu ba, ko kuma a fasa. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Yaro amana ne a hannun malami, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka duk ɗaya, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda aka koya masa tun yana ɗan shekara goma sha uku cewa daidai ne ya hau mota ya ɗaga wa abokin zamansa hannu ta taga, shi ne gobe zai hau kujerar mulki ya yi wa al'umma haka, bai ji komai ba. Allah ya sa masu riƙe da makarantu su gane.